Me ya sa Google ba ya ba kowa amsa iri ɗaya?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fada da tasha da cikin gurup-gurup na WhatsApp: "Ai na gani a Google." Da zarar an faɗe ta sai gardama ta mutu, kamar an kawo hukuncin alƙali. Har laƙabi aka yi masa, ana ce masa matambayi ba ya ɓata. To amma mutum biyu na iya rubuta kalma ɗaya a minti ɗaya, wannan yana Tasawa wancan yana Abijan, kowa ya ga nasa daban, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Injin ne ya dubi mai tambayar kafin ya dubi tambayar. Yau za mu bi wannan al'amari daki-daki, don yana shafar aljihu da lafiya da asirin gida.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Google yana da wasu manhajoji da ke yawo cikin intanet dare da rana, suna bin shafi zuwa shafi kamar tururuwa, suna kwaso abin da ke ciki suna zubawa a rumbunsa. Lokacin da ka yi tambaya, rumbun nan yake buɗewa. Shafukan da suka ambaci kalmarka na iya kai dubbai ko miliyoyi, fuskar wayarka kuwa ba ta ɗaukar fiye da uku ko huɗu kafin ka ja ƙasa. Duk rigimar tana nan: wa zai hau sama? Lokacin da Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford a Amurka, suka kafa kamfanin a 1998, dabararsu ita ce ƙidaya shafuka nawa ne ke nuni zuwa ga wani shafi. Wanda aka fi nunawa, musamman in manyan shafuka ne suka nuna shi, shi ke gaba, kamar mahaucin da duk gari ke cewa je wurinsa. A wancan zamanin kusan kowa amsa ɗaya yake samu. Daga baya ne aka ƙara wasu ma'aunai masu yawa, wasunsu kuma mai tambayar suke aunawa.

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne inda kake tsaye. Ku ɗauki sunan Gaya. Muna da Gaya tamu a jihar Doso, bakin iyakar Benin. Akwai Gaya a jihar Kano. Akwai kuma wani babban birni mai suna Gaya a jihar Bihar ta Indiya, wanda masu ziyarar addini ke zuwa daga ƙasashe da dama. Haruffa huɗu ne, dole injin ya yi zaton wacce kake nufi, kuma abin da zai fara dubawa shi ne daga ina tambayar ta fito. Haka sunan ƙasarmu da boko: wanda ke Mina ya rubuta Niger, ba mamaki labarin jihar Neja ya fara fito masa, wani kuma kogin. Kamfanin da kansa ya taɓa cewa kusan tambaya ɗaya cikin biyar da ake yi masa tana da alaƙa da wuri. A watan Oktoban 2017 ya daina la'akari da ko google.ne ka buɗe ko google.fr, ya koma bin inda wayar take. Don haka ɗan uwanmu da ke Marsai, ko ya rubuta adireshin Google na Nijar, amsar Faransa za a ba shi, sai fa in ya shiga saiti ya canja yankin da hannunsa.

Ta yaya ya san inda kake? Hanya uku ce galibi. Kowace waya da ta hau intanet ana ba ta wata lamba da ake kira adireshin IP, wadda ke nuna ƙasa da kamfanin rezo, wani lokaci har da gari. Sai GPS, wanda ke magana da taurarin ɗan adam, shi kam yana iya nuna ƙofar gidanka. Sai kuma dogayen ƙarafan rezo da wifi da ke kusa da kai.

A nan ne mu mutanen karkara ya kamata mu buɗe ido. In GPS a kashe yake, adireshin IP na wayar salula sau da yawa yana nuna inda kamfanin rezo ya girke manyan injinansa, ba ƙauyen da kake ba. Kana Damagaram, Google na iya ɗauka kana Yamai. In labarin ƙwallo kake nema, ba komai. In kuwa lokacin sahur ka duba a watan azumi, tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan rabin awa, domin gabas ce ke riga ganin alfijir, daga Difa ma ya kai minti 40. Manomin da ya duba hasashen ruwan sama shi ma za a iya ba shi na garin da ke nesa da gonarsa da ɗaruruwan kilomita. Ga kuma mutanen bakin iyaka, na Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya, waɗanda da yawansu ke da layin Najeriya a waya saboda kasuwa da dangi. In da megar wannan layin ka hau, a wurin Google kana Najeriya ke nan. Abin da za ku yi mai sauƙi ne: ku ja shafin amsa har ƙasa, can ƙarshe yana rubuta garin da yake zaton kuna ciki. In ba daidai ba ne, ku riƙa haɗa sunan garinku a cikin tambayar.

Na biyu shi ne harshe, kuma wannan ya fi damun mu. Wayar da aka saita da Faransanci, da wadda ɗan biɗa ya kawo daga Libiya da Larabci, da wadda aka sayo a Kano da Ingilishi, kowacce tana jan amsa ta bi harshenta. Hausa ta samu shiga: tun 2013 take cikin manhajar fassara ta Google, a 2024 kuma aka sa ta cikin harsunan da ake iya yin tambaya da murya, abin da ya taimaki waɗanda ba su yi lekol ba. Sai dai injin ba ya fiddo abin da babu a rumbu. Mafi yawan abin da aka rubuta da Hausa a intanet daga Najeriya yake. Ka tambayi farashin buhun hatsi da Hausa, a kawo maka na kasuwar Dawanau ta Kano, da naira. Kalmar ma kanta ta raba mu: mu nan in mun ce hatsi gero muke nufi, can kuwa hatsi ya haɗa gero da dawa da masara. Uba ya nemi sakamakon jarrabawa yana nufin BEPC, a cika masa waya da WAEC. Ba ƙeta ba ce, yawan rubutu ne ya rinjayi ƙarancinsa. Wanda ke son farashin kasuwanninmu zai fi dacewa in ya rubuta da Faransanci, ya sa sunan garin, ya haɗa da SIMA, hukumar da ke bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasar nan.

Rubutun sunayen garuruwanmu ma wata ƙaya ce. Zinder da Damagaram, Tahoua da Tawa, Niamey da Yamai: gari ɗaya, amma kowane rubutu yana buɗe nasa ɗakin a cikin rumbun. Ku gwada duka biyun, za ku sha mamaki.

Yanzu mu zo kan bin sawu, wanda shi ne mutane suka fi tsoro. A watan Disamban 2009 Google ya sanar cewa zai riƙa gyara amsa bisa abin da mutum ya taɓa nema, ko da bai shiga da asusunsa ba. Yana yin haka ne da wata ƴar alama da shafi ke ajiyewa a cikin wayarka ko kwamfutarka, ana ce mata kuki, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa don ya gane ta cikin garke. A lokacin kukin yana riƙe da sawun kwana 180. Wanda kuma ya shiga da asusun Gmail, kamar yadda kusan duk mai Tecno ko Itel ko Infinix mai Android yake, ana iya ajiye masa abin da ya rubuta, da shafin da ya taɓa, da bidiyon da ya kalla a YouTube, da manhajar da ya buɗe, da wuraren da ya je in ya bar wannan a kunne. Saurayin da kullum ƙwallon Sifen yake bi, in ya rubuta Barcelona, kulob ɗin za a fi tura masa. Wanda ya kwana yana binciken biza da kuɗin jirgi, birnin zai iya fito masa.

Wani Ba'amurke mai suna Eli Pariser ya fitar da littafi a 2011 a kan haɗarin wannan tsari. Ya ba da misalin abokansa biyu da ya sa suka nemi sunan ƙasar Masar lokacin da ake zanga-zangar da ta kawar da Hosni Mubarak: ɗaya ya ga labarin boren, ɗaya ya ga wuraren yawon buɗe ido. Tsoronsa shi ne kowa zai ƙare cikin nasa ƙoƙon, yana jin abin da ya riga ya yarda da shi kawai, bai ma san an rufe shi ba.

Mu dai a ganinmu, kada a zuzuta abin fiye da yadda yake. Masu bincike a jami'ar Northeastern ta Amurka sun auna shi a 2013, suka tarar kusan kashi 12 cikin 100 na amsoshin Google ne ke bambanta tsakanin mutane saboda wannan gyaran, kuma manyan dalilan su ne shiga da asusu da adireshin IP. Kamfanin ma ya sha cewa a shafin bincike wuri da harshe da tambayar da ka yi yanzun nan su ne suka fi tasiri, tsohon tarihinka kaɗan yake taɓawa. Maganarsa ce a kan kansa, sai a ɗauke ta da taka-tsantsan, amma ba ta yi nisa da abin da aka auna ba. Inda ƙoƙon Pariser ya fi kama mutum shi ne inda ba ka tambayi komai ba ake kawo maka: bidiyon da YouTube ke jero maka, labaran da ke fitowa da kansu a manhajar Google, da TikTok da Facebook. Nan kam, ka tsaya kan bidiyon tashin hankali sau biyu, gobe da shi za ka karya kumallo. Shi ya sa ɗan uwa da ke Tamanraset ko Legas kan bugo waya hankali tashe yana cewa ya ga ƙasa ta kama da wuta, alhali mutanen gida suna gona suna noma. Abin da ya gani ƙila ya faru a wani wuri, amma wayarsa ta tara masa irinsa har ya zaci ba sauran wani labari.

To me ya sa ake wannan wahalar bin sawunmu, tunda ba mu biyan ko dala in mun yi tambaya, ban da megar da muka saya? Talla. A 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu kuɗin shiga sama da dalar Amurka miliyar 300, fiye da kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito. Mai talla yana biya ne don a nuna hajarsa ga wanda ke wuri kaza, mai harshe kaza, wanda ya rubuta kalma kaza. Duk lokacin da ka yi tambayar da ke da ƙanshin kuɗi, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido, wanda ya ci shi ke hawa can sama, a kan amsoshin gaskiya. Ana sa masa ƴar alama, Sponsorisé a wayar Faransanci, Sponsored a ta Ingilishi, amma wa ke dubawa? Mu sani, abin da ya zo farko ba lallai shi ya fi inganci ba, wani lokaci shi ya fi biya. Mai neman aiki a Saudiyya ko Turai, mai neman maganin ciwon suga ko na haihuwa, mai neman bashi, su ne ƴan damfara suka fi ɗana wa tarko, don sun san wanda ya rubuta irin wannan tambaya a matse yake. Google yana cire tallace-tallacen zamba masu yawa, amma wasu na kuɓucewa. Duk shafin da ya ce a turo jikka kaza ta waya kafin a ba ka biza ko aiki, tsaya ka tambayi wanda ya sani ido da ido. Batun magani kuwa, gidan likita.

Ko kamfanin yana faɗin gaskiya a kan abin da yake tarawa? Tarihi ya nuna ba kullum ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Google na ci gaba da ajiye wuraren da mutane suke ko bayan sun kashe maɓallin tarihin wurare, domin akwai wani maɓallin daban da ke yin aikin. A 2022 ya amince ya biya jihohin Amurka 40 dala miliyan 391.5 a kan wannan. A 2019 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta ci shi tarar yuro miliyan 50, wato kusan sefa miliyar 33, saboda bai fayyace wa mutane yadda yake amfani da bayanansu wajen talla ba. A 2024 ma ya yarda ya goge ɗimbin bayanan da aka tara daga masu amfani da shafin sirri na Chrome, bayan an kai shi kotu a Amurka.

Doka ma tana raba amsa. Tun 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba mazauna can damar neman a cire wasu shafuka daga amsar da ke fitowa in an rubuta sunansu. Don haka sunan mutum ɗaya na iya fiddo abu a Maraɗi, ya ƙi fiddo shi a Brasel. Mu ma nan muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP da ke Yamai mai kula da ita. Amma a gaskiya kariyar farko tana hannun mai wayar.

Wannan ya kawo mu ga wata ɗabi'a tamu da muke ganin ta fi duk abin da muka lissafa haɗari. Mutum ya sayi sabuwar waya a kasuwa, ya miƙa wa mai shago ko yaron da ke caji ya ce a buɗe masa. Yaron ya ƙirƙiri asusun Gmail, ya zaɓi lambar sirri da kansa, mai waya ya tafi bai san ko ɗaya ba. Wani ma don sauri asusu ɗaya yake zuba wa wayoyi da yawa. In haka ta faru, tarihin mutanen da ba su san juna ba ya cakuɗe wuri guda, lambobin wayar wannan su bayyana a wayar wancan, kuma duk mai lambar sirrin yana iya zama a shagonsa ya karanta abin da kake nema da tsakar dare. Yawancin yaran nan ba mugunta ke ransu ba, taimako suke yi, amma makullin ɗakinka bai kamata ya kwana a aljihun wani ba. In ba ku san lambar sirrin asusunku ba, ku nemi ɗa ko ƙane da kuka amince da shi ya taya ku canja ta, a sa lambar wayarku ta zama ita ce ta ceto.

Haka batun wayar gida, wadda maigida da uwargida da yara ke karɓa-karɓa. Da ka taɓa wurin rubutu, tsoffin tambayoyi ke fara zubowa. Matar da ta nemi bayani a kan wata lalurar da take jin kunyar faɗa, ko magidancin da bashi ya sha wa kai, asirinsu na iya tonuwa a hannun ɗan shekara goma da ya karɓi waya zai kalli kokowa. Ana iya goge tambaya ɗaya ta hanyar danna ta a riƙe har zaɓin gogewa ya fito. Wanda ke son ganin duk abin da aka ajiye a kansa, ya buɗe myactivity.google.com, a wayar Faransanci Mon activité ake rubutawa. Mutane da yawa in suka buɗe shi karon farko sai sun yi shiru. A nan za a iya goge komai, ko a ce ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36, ko a dakatar da ajiyar gaba ɗaya. Asusun da aka buɗe daga tsakiyar 2020 zuwa yau yana zuwa ne da gogewar wata 18, tsofaffi kuwa sai mai su ya saita.

Shafin sirri, wanda ake kira navigation privée, yana da amfani a irin wannan wayar, don ba ya barin sawu a cikinta bayan an rufe shi. Iyakarsa ke nan. Kamfanin rezo yana ganin inda ka shiga, shafin da ka ziyarta yana ganin adireshinka na IP, Google kuma ya san ƙasar da kake, zai ba ka amsarta. Akwai wasu injinan bincike irin DuckDuckGo, wanda aka kafa a 2008, da ke cewa ba sa ajiye tarihin mai tambaya. Suna aiki a wayoyinmu, sai dai rumbun da suke ɗiba bai fi na Google yawan Hausar Nijar ba.

Ga ƴan uwa na waje masu turo hoton fuskar waya a gurup suna cewa ga abin da Google ya ce, da na gida masu mayar musu da nasu hoton, kafin gardama ta yi zafi ku tambayi juna abu uku: me ka rubuta daidai, da wane harshe wayarka take, wane gari ta nuna a ƙasan shafi? Sannan ku duba sunan shafin da ya ba da labarin da ranar da aka wallafa shi, don injin kan ɗauko labarin bara ya ajiye shi kusa da na jiya. In maganar farashi ce za a turo kuɗin cimaka a kanta, a bugi wanda ya ci kasuwar a wannan makon ya faɗi nawa aka sayar da tiya.